Rabon Zangon Rediyo Tsakanin Na'urorin da Ke Magana Kai Tsaye

A tsarin wayar salula da aka saba da shi, duk saƙon da ya fita daga waya sai ya fara hawa zuwa turken sadarwa, wato dogon ƙarfen nan mai ɗauke da eriya wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, daga can ya ratsa cibiyar kamfani, sannan ya sauko wa wayar da aka nufa, ko da kuwa katanga ɗaya ce ta raba masu wayoyin biyu. Sadarwar kai tsaye ita ce a bar na'urori biyu da ke kusa da juna su miƙa wa juna saƙo ta iska ba tare da ya bi ta turke ba, amma su yi hakan da irin siginar salula, kuma galibi a cikin zangon rediyon da aka ba kamfani lasisi a kansa. Ƙungiyar 3GPP, wadda aka kafa a 1998 domin tsara ƙa'idojin da masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa na duniya ke bi, ta fara shigar da wannan hanya a kundinta na 12, wanda aka kammala a 2015, ta kuma kira ta hanyar gefe, domin a bambanta ta da hanyar hawa, mai ɗaukar saƙo daga waya zuwa turke, da hanyar sauka, mai kawo shi daga turke zuwa waya.

Wanda ya saba tura waƙa ko fim ta Bluetooth ko Xender zai iya cewa ai wannan tsohon labari ne, kuma ta wata fuskar yana da gaskiya. Bambancin yana wajen filin da ake yin maganar, domin Bluetooth da Wi-Fi, wanda a kansa Xender ke tafiya, suna aiki ne a zangon da aka bar wa kowa da kowa, kamar na gigahaz 2.4, inda ake shiga ba neman izini kuma babu wanda ya ɗauki alkawarin ingancin sadarwa, alhali zangon salula dukiya ce da aka saya da tsada, wadda dubban masu kira ke dogara da ita a lokaci guda. Da zarar an ƙyale wayoyi su riƙa magana da junansu a cikin wannan zango, dole a san wadda za ta yi magana, da gurbin da za ta yi ta, da ƙarfin da za ta yi ta da shi.

Abin da ake rabawa

Siginar rediyo igiya ce da ke kaɗawa, ana kuma ƙidaya yawan kaɗawarta a sakan ɗaya da ma'aunin haz. Kaɗawa dubu ita ce kilohaz, miliyan ita ce megahaz, biliyan kuma gigahaz. Zango shi ne yankin da ke tsakanin adadi biyu na wannan ma'auni, kuma tun a 1948 Claude Shannon ya nuna da lissafi cewa abu biyu ne ke iyakance yawan bayanin da za a iya turawa: faɗin zango, da kuma yadda siginar da ake so ta rinjayi hayaniyar da ke kewaye da ita. Zango ba ya ƙaruwa, shi ya sa gwamnatoci ke sayar da lasisinsa da kuɗi masu nauyi. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi a watan Disamba na 2021 domin 5G, kowane yanki mai faɗin megahaz 100 a zangon gigahaz 3.5 ya tashi a kan dala miliyan 273.6, kuma kamfanin da ya biya irin wannan kuɗi ba zai zuba ido wayoyi su yi yadda suka ga dama a cikin abin da ya saya ba.

A tsarin LTE, wanda aka fi sani da 4G, ana yanka wannan dukiya ta fuska biyu. Ana yanka lokaci zuwa milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ana kuma yanka faɗin zango zuwa sirara masu kilohaz 180 kowanne, kuma siriri ɗaya na tsawon milisakan ɗaya shi ne mafi ƙanƙantar rabon da ake ba waya, wanda a wannan darasi za a riƙa kira gurbi. Zango mai megahaz 10 yana ba da gurabe 50 a kowane milisakan, domin 50 sau 180 megahaz 9 ke nan, ragowar megahaz ɗayan kuma ana barinsa fanko a gefe biyu saboda kada a taɓa maƙwabta. Mai megahaz 20 kuwa yana ba da 100. A cikin kowane turke akwai manhajar rabo da ke yanke hukunci sau dubu a sakan a kan wayar da za ta samu wane gurbi, kuma a ƙa'idar asali ba ta ba wayoyi biyu da ke ƙarƙashinta gurbi ɗaya, saboda haka ba sa taka juna. Wannan tsari ne sadarwar kai tsaye ta zo ta girgiza.

Ribar kusanci da abin da take jawowa

Sigina tana raunana da nisa, kuma raunin da sauri yake zuwa. A fili fetal, idan nisa ya ninka biyu ƙarfin da ke isa ga mai karɓa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, a cikin gari kuwa, inda gine-gine da itatuwa ke tare ta, yana iya komawa wajen kashi ɗaya cikin 16. A ƙaddara mita 50 ne tsakanin wasu wayoyi biyu, kowacce kuma kilomita ɗaya ne tsakaninta da turke. Nisan turken ya ninka nasu sau 20, kuma bisa lissafin cikin gari sai a ninka 20 a kanta har sau huɗu, abin da zai ba da 160,000. Ma'ana, ƙarfin da waya ke bukata ta isa ga maƙwabciyarta ɗan mitsitsi ne idan aka gwada shi da wanda take bukata ta isa turke. A zahiri ratar ba ta kai haka ba, domin eriyar turke tana sama kuma ta fi ta waya jin sigina mai rauni, amma ko an zabge lissafin ribar tana nan, caji ya daɗe, saƙo kuma ya isa da wuri. Ga shi kuma saƙon da a da zai ci gurbi biyu, ɗaya a hawa ɗaya a sauka, yanzu gurbi ɗaya ya ishe shi.

Riba ta uku ce ta fi jan hankalin injiniyoyi, ita ce kuma uwar wahalar. Tunda na'urori biyu na kusa ƙasa-ƙasa suke magana, ana iya ba wasu biyun da ke can wani gefen gari wannan gurbin a daidai wannan lokacin, har ma a ba na uku da na huɗu, zango ɗaya ya yi aikin da ya ninka na da. Haka abin yake a kasuwa, inda ɗaruruwan mutane ke ciniki a lokaci guda kuma kowa na jin abokin cinikinsa, saboda kowa ya daidaita muryarsa da wanda ke gabansa, har sai mai tallar magani ya iso da lasifikarsa, na kusa da shi su daina jin juna. Siginar da ta faɗa kunnen wanda ba shi aka nufa da ita ba ita ake kira katsalandan, kuma gaba ɗaya ilimin rabon zango ƙoƙari ne na cin ribar maimaita gurbi ba tare da katsalandan ya cinye ribar ba.

Wace hanya za a ara, kuma da wane ƙarfi

Hanyar gefe ba ta da zangon kanta a lasisin kamfani, sai dai ta ari gurabe daga hanyar sauka ko daga hanyar hawa, kuma 3GPP ta zaɓi hanyar hawa bisa dalilai masu ƙarfi. Idan aka ari na sauka, wanda katsalandan zai faɗa wa shi ne mai wayar da ke sauraren turke, wanda zai iya kasancewa taku biyu daga mai magana kai tsaye, ba a san inda yake ba, kuma ko yaushe yana iya gusawa. Sannan turken kansa, da ke watsa sigina da wat gommai, zai danne muryar na'urorin da iyakar ƙarfinsu miliwat 200 ne. Idan kuwa aka ari na hawa, wanda ake damu shi ne turke, wanda yake kafe wuri ɗaya, yana iya auna abin da ke shigo masa, yana kuma da ikon ba da umarni a sassauta. Bugu da ƙari hanyar sauka ce ta fi cunkoso, tunda jama'a sun fi sauke bidiyo a kan ɗora shi, kuma kowace waya dama an ƙera ta da na'urar watsawa a hanyar hawa, abin da ya rage kawai a ƙara mata kunnen saurare a can.

Wannan zaɓi bai kashe matsalar ba, ya dai mayar da ita inda za a iya lura da ita. Wayar da ke can bakin iyakar turke dole ta buɗe ƙarfinta duka kafin turken ya ji ta, kuma idan aka yi rashin sa'a mai karɓar saƙon kai tsaye yana kusa da ita a gurbi ɗaya, ba abin da zai ji sai ƙararta. Saboda haka ake da hanyoyi biyu na zaman tare. A tsarin keɓewa, ana ware wasu gurabe domin hanyar gefe kaɗai, masu kira na yau da kullum ba sa shiga, wanda hakan ke kawar da katsalandan tsakanin ɓangarorin biyu amma yana barin gurabe a banza duk lokacin da masu magana kai tsaye suka yi ƙaranci. A tsarin tarayya kuwa, gurbi ɗaya ake ba mai kira ta turke da masu magana kai tsaye, a dogara da nisan da ke tsakaninsu. Ribarsa ta fi yawa, haɗarinsa ma haka.

Linzamin da ke riƙe da wannan zama shi ne daidaita ƙarfi. Kowace waya tana iya auna yadda siginar turke ta raunana kafin ta iso mata, daga nan ta ƙiyasta yadda tata siginar za ta isa turken, kuma ƙa'idar hanyar gefe ta ba kamfani damar sa waya ta rage ƙarfinta gwargwadon kusancinta da turke. Abin da wannan ke haifarwa yana da ɗan ban mamaki, domin wayoyin da ke gindin turke, inda sabis ya fi kyau, su ne aka fi ƙuntata wa a maganar kai tsaye, na nesa kuwa suna da sarari. A irin wannan hali sau da yawa ya fi alheri a mayar da na gindin turken kan hanyar da aka saba, kuma yanke wannan hukunci, wato ko a bi ta turke ko a tafi kai tsaye, shi ma wani ɓangare ne na aikin rabo.

Idan turke ne mai rabo

A tsari na ɗaya na kundi na 12, turke ne ke riƙe da ragama duk da saƙon ba ta kansa yake bi ba. Wayar da ke da abin turawa takan nemi izini, ta faɗi yawan bayanin da ke jira a wurinta, turke ya aiko mata da lambar guraben da ya ba ta, sannan ta fara fitar da ɗan gajeren saƙon sanarwa da ke gaya wa na kusa inda ainihin saƙon zai fito, kafin ta tura shi. Amfanin wannan a fili yake, tunda mai rabo ɗaya ba zai haɗa maƙwabta biyu a gurbi ɗaya da gangan ba. Illarsa ita ce kai-komon neman izini yana cin lokaci, kuma ba ya aiki sai inda akwai sabis.

Akwai wata illar da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi abin da turke ya sani da abin da bai sani ba. Kafin ya raba gurabe yadda ya kamata a tsarin tarayya, sai ya san ƙarfin sigina tsakanin duk mai magana da duk mai saurare. A ɗauki turke mai wayoyi 20 da ke kira ta hanyar da aka saba, da tagwaye 10 masu magana kai tsaye, wato na'urori bibbiyu, mai turawa da mai karɓa. Daga wayoyi 20 zuwa masu karɓa 10 akwai hanyoyi 200. Daga kowane mai turawa zuwa masu karɓa tara da ba nasa ba akwai 90. Tsakanin kowane mai turawa da abokinsa akwai 10. Daga masu turawa zuwa turke akwai wasu 10, jimla 310, ban da hanyoyin wayoyin nan 20 zuwa turke, waɗanda dama yake aunawa. A cikin waɗannan, goma na ƙarshe kaɗai turke ke iya aunawa da kansa, sauran 300 sai wayoyi sun auna sun aiko masa da rahoto, rahoton kuma a cikin guraben hanyar hawa zai bi, wato a cikin dukiyar da ake ƙoƙarin tattalawa. Awon ma ba ya daɗewa, domin a zangon gigahaz 2 tsawon igiya santimita 15 ne kawai, kuma gusawar da ba ta kai taku ɗaya ba tana iya canza ƙarfin siginar sosai.

Masana lissafi sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan. Idan tagwaye ɗaya kaɗai za a haɗa da kowane mai kira, akwai dabarar da ke fitar da haɗin da ya fi kowanne riba, wadda Harold Kuhn ya wallafa a 1955 aka kuma san ta da dabarar Hangari. Idan kuwa tagwaye da yawa za su shiga gurbi ɗaya, kowanne da ƙarfin da za a zaɓa masa, hanyoyin haɗawa suna yawaita har kwamfuta ba za ta iya gwada su duka a cikin milisakan ɗaya ba, sai a koma ga dabarun kusantar amsa, irin su ɗaukar kowane gurbi a matsayin launi a tabbatar maƙwabta biyu ba su samu launi ɗaya ba, ko kuma, a 'yan shekarun nan, horar da manhaja ta koyi rabon daga gwaji. Ya kamata ɗalibi ya riƙa karanta irin waɗannan sakamako da taka-tsantsan, domin da yawansu sun ginu ne a kan zaton cewa turke ya san duk hanyoyin nan 310 kyauta kuma a kan kari, abin da ba ya samuwa a fili. Rabon da ya ɗan gaza a takarda amma yake bukatar rahoto kaɗan ya fi amfani a kan wanda ya cika a takarda amma rahotonsa ya cinye ribarsa.

Idan babu turke

Masu ayyukan gaggawa ne suka fi matsa lamba a samar da hanyar gefe. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana sun daɗe da rediyon oba-oba, irin na TETRA a Turai da P25 a Amurka, waɗanda ke iya magana da junansu ko babu turke, kuma ba za su yarda su koma LTE ba muddin ba ta iya yin haka. Bayan matsalar sadarwa da masu ceto suka fuskanta a harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta kafa hukumar FirstNet da dokar 2012, ta kuma ware mata megahaz 20 a zangon megahaz 700, kuma wannan na cikin abin da ya ingiza aikin kundi na 12, inda aka keɓe maganar kai tsaye ga masu ayyukan gaggawa.

Ɗan kwana-kwana da ya shiga ƙarƙashin bene ba shi da turken da zai nemi izini a wurinsa, saboda haka aka yi tsari na biyu, inda ake zuba wa na'ura tun da wuri bayanin wani rumbun gurabe, wato jerin guraben da aka halatta mata, ita kuma ta zaɓa da kanta. A wancan kundin zaɓin na ka-cici-ka-cici ne, babu kuma wanda ke amsa cewa saƙo ya iso, don haka ake maimaita kowane saƙo sau huɗu da fatan ko ɗaya ya tsira. Kafin a kai ga wannan ma sai na'urori sun yarda a kan inda kowane milisakan ya fara, da kuskuren da bai wuce 'yan kaso cikin miliyan na sakan ba. Idan akwai turke shi ne agogo, idan babu sai wata na'ura ta riƙa fitar da siginar daidaita lokaci saura su bi ta, daga baya kuma aka ƙara agogon tauraron ɗan'adam irin na GPS. Kundi na 13 ya ƙara da damar wayar da ke da sabis ta zama gada ga wadda ba ta da shi.

Motoci: saurare kafin zaɓi

Inda aka fi zuba basira a rabon kai-da-kai shi ne sadarwar motoci, wadda kundi na 14 ya kawo a 2017 a zangon gigahaz 5.9, zangon da ƙasashe da dama suka keɓe domin kiyaye haɗurran hanya, wanda ba mallakin wani kamfanin waya ba ne. Kowace mota tana watsa ɗan gajeren saƙo, har sau goma a sakan, mai faɗin inda take da saurinta da inda ta dosa, domin motar da ke bayan tirela ko bayan kwana ta san da ita kafin direba ya gan ta. A nan zaɓin ka-cici-ka-cici ba zai wadatar ba, jiran izinin turke ma ba zai yiwu a kowace hanya ba, ga shi kuma a wannan zango tsawon igiya wajen santimita 5 ne, motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan santimita 3 a kowane milisakan, wato duk awon da aka aika wa turke ya tsufa kafin ya isa.

Dabarar da aka fito da ita ta dogara ne da cewa saƙon mota mai maimaituwa ne a kan lokaci, don haka abin da ya faru a sakan da ya wuce yana nuna abin da zai faru nan gaba. Mota takan saurari zangon na tsawon milisakan 1,000 da suka gabata, tana karanta sanarwar sauran motoci, inda kowacce ke faɗin cewa ta kama wuri kaza kuma za ta dawo masa bayan lokaci kaza. Idan lokacin zaɓi ya yi, sai ta dubi wuraren da ke gabanta, har zuwa milisakan 100, ta cire duk wanda wata mota ta kama idan siginar motar ta wuce wani mizani, domin ƙarfin siginar alama ce ta kusanci. Idan abin da ya rage bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, sai ta ɗaga mizanin da desibel 3, wato ta ninka shi biyu, ta sake tacewa, wanda ke nufin ta amince ta yi tarayya da motocin da suka ɗan fi kusa tunda babu yadda za ta yi. Daga nan ta jera wuraren bisa ƙarancin hayaniya, ta ware kashi 20 cikin ɗari da suka fi shiru, ta zaɓi ɗaya a cikinsu da ƙuri'a.

Ƙuri'ar nan ba sakaci ba ce. Motocin da ke jere a hanya ɗaya kusan abu ɗaya suke ji, kuma da a ce kowacce za ta ɗauki wurin da ya fi kowanne shiru, da duk waɗanda suka tashi zaɓi a lokaci guda sun afka wuri ɗaya. Bayan zaɓi, mota takan riƙe wurin na tsawon saƙo 5 zuwa 15, adadin shi ma da ƙuri'a, sannan ta sake zaɓi ko ta ci gaba da riƙe shi.

Raunin dabarar yana fitowa ne daga abu biyu. Na farko, na'ura ba ta iya saurare a daidai lokacin da take watsawa a zango ɗaya, saboda haka motoci biyu da suka zaɓi milisakan ɗaya ba za su ji juna ba, balle su gane sun yi karo. Na biyu, motoci biyu da gini ya shiga tsakaninsu ba sa jin juna, kowacce tana ganin wurin fanko ne, amma mota ta uku da ke mahaɗar hanya tana jin su duka a cakuɗe. Tunda kuma riƙe wuri ake yi, karon ba sau ɗaya yake faruwa ba, yana iya maimaituwa na rabin sakan zuwa sakan ɗaya da rabi, lokacin da mai gudun kilomita 100 a awa zai ci mita 14 zuwa 42 ba tare da maƙwabtansa sun ji ɗuriyarsa ba. Wannan ne ya sa kundi na 16, na 2020, wanda ya kawo hanyar gefe cikin 5G, ya sa na'ura ta sake duba wurin da ta zaɓa dab da za ta yi magana, ya ba saƙo mai muhimmanci ikon ƙwace wuri daga wanda bai kai shi ba, ya kuma ba mai karɓa damar cewa bai ji ba a sake. Kundi na 17, na 2022, ya ƙara da cewa na'ura tana iya gaya wa wata wuraren da ya kamata ta ɗauka ko ta guje wa, wanda shi ne maganin matsalar mahaɗar hanya, tunda mai saurare ne ya san abin da ke damunsa. Ya kuma sassauta wa wayar mai tafiya a ƙasa ta riƙa saurare jefi-jefi saboda batir.

Duk da haka akwai iyakar da dabara ba ta ƙetarewa. Idan saƙo ɗaya yana cin gurabe 25 a zango mai megahaz 10, saƙo biyu ne ke shiga kowane milisakan, wato wurare 200 a milisakan 100, kuma ranar da motoci 300 suka taru a cunkoso inda duk suke jin juna, babu rabon da zai ishe su. Don haka kowace mota take auna kason zangon da ya cika a milisakan 100 da suka wuce, idan ya yi yawa ta rage yawan saƙonta ko ƙarfinta, wanda ya yi daidai da hankali, tunda motar da ke tafiyar hawainiya a cunkoso ba ta bukatar a ji ta daga nesa.

Daga kundi zuwa kasuwa

Rubuta ƙa'ida daban, samunta a hannun jama'a daban. Shekaru bayan kundi na 12, wayoyin da ake sayarwa a kasuwa kusan duk ba su da hanyar gefe, kuma dalilin bai rasa nasaba da kuɗi da iko: kamfani ba ya ganin yadda zai caji saƙon da bai ratsa cibiyarsa ba, hukumomin tsaro ba sa son maganar da ba za su iya bibiya ba, masu ƙera kayan cikin waya kuma ba sa kashe kuɗi a kan abin da masu saye ƙalilan ne. Birtaniya ta yi niyyar rufe tsarinta na TETRA mai suna Airwave a ƙarshen 2019 ta mayar da masu ayyukan gaggawa kan LTE, amma shekaru suka shuɗe ana ci gaba da amfani da shi, kuma rashin na'urorin da ke magana kai tsaye na cikin matsalolin da suka dabaibaye shirin. A ɓangaren motoci abin ya fi motsi, duk da shi ma zangon ya sha ja-in-ja: Amurka ta ware megahaz 75 a 1999, amma a watan Nuwamba na 2020 hukumar FCC ta yanke 45 ta ba Wi-Fi ta bar wa motoci 30, ita kuwa ƙasar Sin ta keɓe megahaz 20, daga 5905 zuwa 5925, a 2018.

Aikin ɗalibi

Ana so ɗalibi ya sake lissafin hanyoyin katsalandan ga turke mai wayoyi 40 da tagwaye 30, ya fitar da adadin da turken ba zai iya aunawa da kansa ba, ya gwada shi da 300 ɗin da aka samu a sama. Sannan ya lissafa motoci nawa zango mai megahaz 10 zai ɗauka idan kowane saƙo gurabe 10 yake ci kuma kowace mota sau biyar take magana a sakan. Daga ƙarshe ya rubuta shafi ɗaya a kan tsarin da ya fi dacewa da filin wasa cike da 'yan kallo, rabon turke ko rabon kai-da-kai, ya kuma kawo hujjarsa daga abin da ya karanta a wannan darasi.